Ni ne mai zafin rai, amma yayana mai haƙuri ne ya faɗi: hali ke kawo hawan jini ko shekaru?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma sai na ɗan ba da labari kafin a gane inda ta dosa. A yi min haƙuri da tsawo.

Shekarata 53, ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari tun ina yaron shago. Duk wanda ya san ni ya san zuciyata a kusa take. Ban iya jira ba. In ɗan dako ya tsaya hira da dilata a ka, ko yaro ya auna yadi biyar ya yanka huɗu da rabi, kafin in ankara muryata ta kai layi na uku. In aka shiga cunkoso a titin Ibrahim Taiwo, ni ne wanda ke danna hon kamar hon ɗin ne zai buɗe hanya. Mai ɗakina ta fi shekara ashirin tana cewa, "Alhaji, faɗan nan naka sai ya sa maka hawan jini." Ni kuma in ce mata ai ita ce za ta sa min.

Yayana kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara takwas, ruwan sanyi ne. Tunda na taso ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In rigima ta tashi a dangi shi ake aika wa ya zo ya kashe wuta. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ba ya bin kowa bashi, ba a bin sa. Bayan azahar ya yi ƙailula, bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da rediyonsa. In da hutu na hana ciwo, da shi ne zai riƙa raba mana lafiya.

Watan jiya, bayan sallar asuba, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce. Matarsa ta ce ya kira sunanta amma maganar ta fito a harɗe, bakin ya karkace gefe guda. Da muka kai shi asibiti aka ɗaura masa abin awon jini, cikin lambobi biyun da yake nunawa, lambar sama ta haura 200. Likita ya tambaye mu tun yaushe yake da hawan jini, muka kalli juna. Shi kansa bai san yana da shi ba. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ana yi masa gashi, ya fara ɗaga hannun kaɗan-kaɗan. A sa shi a addu'a.

Abin ya tsaya min a rai. Shekaranjiya, bayan na gama cacar baki da wani da ya riƙe min kuɗin kaya tun kafin babbar sallah, na biya wani kemis na ce a auna ni. Ya nuna 158/96. Mai kemis ya ce ba komai, in je in huta, in rage tunani, zai sauka.

To masana, ku warware min. In zafin rai ke kawo shi, me ya kai shi jikin Yaya? In kuma shekaru ne, ke nan faɗana ba shi da laifi? Kuma in na bar wa yara shagon na wata guda na tafi ƙauye na huta, zan tsira daga shan magani? Don gaskiya abin da nake gudu ke nan, na ji an ce in ka fara ba ka dainawa.

Sista Mai Jinya ta rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ce.

Shekarata 16 ina ɗaura wa mutane abin awon nan, bari in fara da 158/96 ɗinka. Awo ɗaya, wanda aka yi minti kaɗan bayan ka gama faɗa, ka tako da ƙafa cikin rana, wataƙila ma da goro a bakinka, ba ya isa a ce kana da hawan jini. Amma kuma ba ya isa a ce ba ka da shi, nan ne mai kemis ya yi gaggawa. Fushi na sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau nan take. In ka huce ya sauko. Abin da muke son sani shi ne inda yake tsayawa bayan ka huce.

Ga yadda ake yi. Ka fara zagawa ka yi fitsari. Kada ka ci goro, ko ka sha kofi ko taba, rabin awa kafin awo. Ka zauna a kujera mai majingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirjinka, kuma ka yi shiru. Wannan na ƙarshen na san shi zai fi ba ka wuya. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da dare, har mako guda, kana rubutawa. A asibiti iyakar da muke bi 140/90 ce. A gida, saboda mutum ya fi sakin jiki, in matsakaicinka ya kai 135/85 to akwai magana. Akwai waɗanda ganin farar riga kaɗai ke hau da jininsu, shi ya sa awon gida ke da amfani.

Maganar Yaya kuwa, ni ba ta ba ni mamaki ba, don kullum muna ganin irinta. Ka san tiyon ban ruwa sabo, yadda yake lanƙwasuwa? In ya shekara yana shan rana sai ya ƙandare. Haka manyan jijiyoyin jini suke. Da ƙuruciya, duk bugun da zuciya ta yi sai jijiya ta ɗan buɗe ta karɓi jinin. Da girma ya zo sai ta yi tauri, bugun ya riƙa dukan bango kai tsaye. Shi ya sa lambar sama ke ta hawa da shekaru, ta ƙasa kuwa takan hau har wajen shekara 55 ko 60, daga nan ta tsaya ko ma ta fara sauka. Sai ka ga dattijo da 170/78 yana murna wai ta ƙasan lafiya lau, alhali ta saman ce ke neman kayar da shi. Wannan taurin ba ruwansa da ko kai mai haƙuri ne ko mafaɗaci.

Kuma ciwon ba ya sallama. Mafi yawan masu shi ba ciwon kai, ba jiri, ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Yaya na iya yin shekara goma da shi yana zaune a tabarmarsa yana jin labarai.

Abu ɗaya da ban ji ka ambata ba: jininku ɗaya da shi. Ciwon na bin dangi. Ko da kai ne sarkin haƙurin Kano, da wa irin wannan da shekara 53 dole ka riƙa awo. Ka tambayi manya abin da ya yi ajalin mahaifanku, in sun rasu, ka faɗa wa likita.

In wata rana awo ya kai 180/120, ko ka ji ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta harɗe, ba zancen jiran mako ba ne, asibiti kai tsaye.

Malam Mai Ritaya ya rubuta:

Ƙanena, ni zan ba ka amsar tambayarka ta ƙarshe, don na riga ka gwadawa.

Shekarata 69, na yi shekara 35 ina koyarwa a Zariya. An gano nawa ina da 56, lokacin ina mataimakin shugaban makaranta, ina fama da yara fiye da dubu da malaman da ba sa zuwa aji. Na sa a raina cewa aikin nan ne ciwona. Ranar da na ajiye alli na koma garinmu, na ce to, an rabu da Bukar. Ba ƙararrawa, ba sufeto, ba iyayen yara. Da maganin da ke hannuna ya ƙare ban sake saye ba. Wata huɗu ina jin kaina garau, har ina yi wa abokaina wa'azin su yi ritaya su warke.

'Yata ce ta zo ganin gida da abin awonta a jaka. Ta ɗaura min, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ba ta ce min komai ba sai ta ce wa ƙaninta ya fito da mota. 184/102. Ni kuwa a lokacin ina cin gyaɗa.

Tun daga nan nake da littafi, irin na rajistar aji, na ja masa layi: rana, lokaci, awo, da abin da ya faru a ranar. Malami ba ya barin hali. Shekara tara ke nan, kuma ga abin da littafin ya koya min. Ranar da na yi barci sosai na taka zuwa gona na dawo, lambar sama kan yi ƙasa da kamar maki 8 ko 10 a kan ranar da na kwana ina juyi saboda kuɗin fansho bai shigo ba. Ke nan kwanciyar hankali tana da nata rabon, ban musa ba. Amma maki 10 daga 184 nawa ya rage? Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafin.

Wani abin kuma, mu Hausawa in an ce hutu sai mu ji zama. Watannin nan huɗu da na yi ina "hutawa", tuwo nake ci in kwanta, wandunana duk suka daina shiga. Ashe hutun da jijiya ke so daban ne: barcin dare isasshe, tafiyar ƙafa ta rabin awa, da sauke abin da ke rai. Kai da ke zirga-zirga a Kwari wataƙila ka fi motsa jiki a kan in ka je ƙauye ana kawo maka fura kana kishingiɗe.

Game da faɗa, ba sai likita ya faɗa maka ba. Annabi (SAW) ya ce wa mai neman wasiyya kada ya yi fushi, ya maimaita masa. Ya kuma koyar da cewa wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ka ajiye kujera a shagon saboda wannan. Amma ka zauna a kanta da ƙwayar maganinka a aljihu.

Hajiyar Gwammaja ta rubuta:

Ni dai Sista ki yi haƙuri, ban gamsu duka ba. Kun ɗauka mai shiru ba shi da damuwa. Wa ya faɗa muku? Alhaji, kai kana yin faɗanka ka zubar a kasuwa ka dawo gida wasai. Yayanka da ake kira ya raba kowace rigima, shi wa yake kai wa tasa? Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a taɓa ba mu labarin yadda tukunyar ta ƙare ba.

Ni shaida ce. Har na kai 49 duk awon da aka yi min, har na lokacin ciki bakwai, lafiya lau. Shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara da rigimar gado, ban yi wa kowa faɗa ba, kowa na yaba haƙurina, dare kuwa ido biyu nake kwana. Kafin shekara ta zagayo aka ce ina da hawan jini. Yanzu shekara tara ina shan magani. Ku ce min shekaru ne, ni na san abin da na haɗiya.

Ɗalibin Likita ya rubuta:

Baba Ɗan Kwari, Allah ya ƙara sauƙi. Mama Hajiya, maganarki tana da tushe, har ma an daɗe ana yin ta a littattafan likitanci. Tun 1939 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Franz Alexander, ya kawo ra'ayin cewa fushin da aka danne shi ke zama hawan jini. An yi ta bincike a kai, wani ya samu alaƙa, wani bai samu ba. Abin da ya fi tabbata shi ne daɗewa cikin damuwa da rashin barci suna taimaka wa ciwon. Sai dai Mama, ki lura da shekarun: 49 zuwa 50 daidai lokacin da al'ada ke ɗaukewa ne, kuma daga nan jinin mata kan fara hawa har su kamo maza, su ma wuce su a tsufa. Mai yiwuwa abubuwa biyun ne suka haɗu a kanki a shekara ɗaya.

Irin halin Baba kuwa har suna aka ba shi. A shekarun 1950 wasu likitocin zuciya biyu a San Francisco, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka kira shi hali nau'in A: mutum mai gaggawa, mai gasa, mai saurin hasala. Friedman ya riƙa ba da labarin cewa mai gyaran kujeru ne ya fara jawo hankalinsa, da ya lura kujerun ɗakin jiransu bakin gaba kawai suke cinyewa, don majinyatan ba sa iya jingina, a ɗofane suke zama kamar za su tashi. Maganar ta yi tashe ƙwarai. Amma manyan binciken da suka biyo baya a shekarun 1980 ba su tabbatar da ita yadda aka zata ba. Da aka tankaɗe, sai aka ga son aiki da himma ba su ne matsalar ba. Abin da ya rage a rariya shi ne gaba da mutane, yawan zargi, da rashin iya jira. Wani bincike a Amurka da ya bi matasa fiye da 3,000 tsawon shekara 15, aka buga shi a 2003, ya samu cewa waɗanda suka fi gajen haƙuri da gaba sun fi kamuwa da hawan jini. Ke nan Baba, Hajiyarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai halin ɗaya ne cikin masu laifi, kuma ba shi ne babba ba.

Haka batun natsuwa. Herbert Benson na jami'ar Harvard ya yi suna a 1975 da nuna cewa zama shiru ana maimaita kalma ɗaya da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Mu da muke da zikiri bayan salla ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ragin da yake kawowa a awo na maki kaɗan ne, kamar yadda littafin Malam ya nuna masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da muka karanta shi ne cewa hawan jini da shekaru ba dole ba ne a kowace al'umma. A garin Framingham na Amurka an lissafa cewa cikin mutum 10 da suka kai 55 da jini lafiya, 9 za su kamu kafin ƙarshen rayuwarsu. Amma binciken gishiri da aka yi a ƙasashe 32, wanda ya fito a 1988, ya samu ƙabilar Yanomami a dajin Birazil, waɗanda kusan ba sa cin gishiri, matsakaicin lambarsu ta sama bai kai 100 ba, kuma tsohonsu da saurayinsu kusan ɗaya suke. A Kenya ma an bi 'yan ƙabilar Luo da suka bar ƙauye suka koma Nairobi, cikin 'yan watanni jininsu ya ɗara na waɗanda suka bari a gida. Halinsu bai canza a wata uku ba, abincinsu da nauyinsu da zamansu ne suka canza.

Shi ya sa zan so Baba ya leƙa kicin kafin ya tafi ƙauye. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule, yaji, kilishi, burodi da taliyar leda. Sannan in kana yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen bayan an tashi kasuwa, su ma suna hau da jini. In kuma mai ɗakinka ta ce kana minshari har numfashi na ɗaukewa, ka faɗa wa likita, yana da alaƙa.

Sista Mai Jinya ta sake rubutawa:

Hajiya, ban musa miki ba wallahi, Allah ya jiƙan maigida. Abin da nake tsoro kawai shi ne wanda ya ji ransa fes ya ce ba sai ya yi awo ba, da wanda damuwarsa ta wuce ya ajiye magani. Su biyun nan su ne ake kawo mana a kwance.

Alhaji, batun "in ka fara ba ka dainawa": ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya. Akwai wanda in ya rage ƙiba da gishiri likita kan rage masa, amma likita ne zai rage, ba kai ba.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na sayi abin awon, na bi yadda Sista ta ce har kwana bakwai. Shirun minti biyar ɗin nan, wallahi ban san minti biyar na da tsawo haka ba. Mafi ƙanƙanta da na samu 144/90, safiyar Juma'a, ban fita kasuwa ba, ban yi wa kowa faɗa ba, na yi barci har na gode Allah. Mafi girma 166/98, daren da aka ce min kwantenarmu ta maƙale a Legas. Na kai wa likita takardar, ya sa aka duba fitsari da ƙoda da suga, duk lafiya, ya rubuta min amlodipine ƙwaya ɗaya kullum, ya ce in dawo bayan wata guda, in kuma na ga ƙafa na kumbura in faɗa masa. Tafiya ƙauye na fasa. Malam, kujerar tana nan na ajiye, jiya ma na zauna a kanta sau biyu, yaran shago suna ta ƙunshe dariya.

Na tambayi gwaggonmu kamar yadda Sista ta ce. Ashe mahaifinmu ma faɗuwa ya yi a masallaci, ya yi kwana uku ba ya magana ya rasu. Mu muna yara aka ce mana iska ce ta buge shi.

Hajiya ta Gwammaja, na je na zauna da Yaya ranar Lahadi, na karanta masa abin da kika rubuta. Bai ce komai ba, ya dai riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya daɗe bai saki ba.

Mai ɗakina kuwa, da ta ga ina ta rubuce-rubuce sai ta miƙo hannu tana tsokana wai a gwada na masu haƙuri. 149/93. Ta ce injin ya lalace. Muka sake washegari da safe, 147/92. Shekararta 47. Da na tambaye ta dunƙule nawa take jefawa a miyar gidan nan ta ce in fita mata daga kicin, amma ranar Talata tare za mu koma wurin likitan.

Sista, wata tambaya. Maƙwabcin shagona ƙato ne, abin ɗaurawar bai zagaye damtsensa sosai ba, da muka matsa muka auna ya nuna 171/100. A yarda da wannan, ko sai an samo babba?